Ram ɗin Kwamfutar Malama

Litinin, 4 ga Mayu
Kwamfutar matata Malama ta zama kunkuru, ga tambayoyin jarrabawar ajinta da za ta miƙa ranar Juma'a. Na ce ta bar mini. Shekara talatin ina gyaran rediyo, wannan 'yar akwatin ce za ta gagare ni? Ƙarin ram kawai take so, wato ɗan sillen da take riƙe aiki a kai.

Talata, 5 ga Mayu
Na sayo. Ya shige ramin madabod ɗin, wato babban allon cikin kwamfutar, tsaf, har da ƙas. Na kunna: ƙara uku, gilashi baƙi ƙirin. Malama shayi kawai ta kawo mini. Da ma faɗa ta yi.

Laraba, 6 ga Mayu
Mijin 'yata Auta ya zo gaisuwa. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, amma ban taɓa tambayarsa komai ba, ina surukinsa. Na yi masa bayani cewa duk abin da ya shiga rami daidai dole ya yi aiki. Kansa a ƙasa, sai "Haka ne, Baba." Ya juya ram ɗin, ya daɗe yana kallon takardar jikinsa, ya sake cewa haka ne. Na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis, 7 ga Mayu, da hantsi
Auta ta bugo waya tana dariya. Ashe kunya ce ta hana mijinta magana, ya koma gida ya kasa cin abinci. Ram ɗin da na sayo wutar bolt ɗaya da rabi yake sha, madabod ɗin kuwa ba ya ba da fiye da 1.35. Rami ɗaya, wuta daban. Ni da na ƙare rayuwata da mita a hannu, wuta ce ban duba ba. Na ji kunya.

Alhamis, da la'asar
Na je shagonsa da ƙafata. Ya ɗauko wanda ya dace, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Baba, ku saka, hannunku ya fi nawa sanyi." Na saka, kwamfutar ta tashi garau.

Juma'a, 8 ga Mayu
Malama ta miƙa tambayoyinta. Tana ta gaya wa mutane ni na gyara. Na ce mata ba ni ba ne.

Asabar, 9 ga Mayu
Na tambayi mijin Auta ko akwai kujerar da ba kowa a shagon. Ba koyo zan je yi ba. Na dai sayi sabon littafin rubutu.