Kowa Ya Daina Kallon Barden Kurmi Sai Ke

Zuwa ga Hajaratu, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyata, farin watan da ya tsaya bisa Ƙanƙara ya bar Sabuwa cikin duhu. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da su Baba da 'yan ajinki.

Ni kam lafiyar jiki ce kawai. Tun da aka turo ni aikin malamin gona nan Sabuwa, zuciyata ba ta taɓa tafasa irin ta wannan mako ba.

Kin tuna mafarinmu? Gidan kallo na bayan kasuwa, injin wuta yana tari, gari kaf a kan benci ana jiran Barden Kurmi a akwatin talbijin. Ranar da kura ta ritsa shi a bakin kogo kika damƙe hannun rigata ba ki sani ba, har aka tashi ba ki saki ba. Da wace ƙafa na koma gida ranar? Har yau ban sani ba.

Da na ji an dawo da shirin, sai na hau babur ɗin ofis har Faskari don in gani, ina cewa ko babu ke, zan ji ƙamshin zamanmu. Wayyo Hajaratu! Wannan ne Barde? Sun cire dattijon nan mai gashin baki, sun kawo wani yaro mai suma kamar kwando da wando mai share ƙasa. Doki babu, a mota yake bin ɓarayi. Kurmin ma 'yan itatuwa ne a bayan wani ofis. Wani tsoho kusa da ni ya rantse ko akuyarsa ba zai ba wannan tsaro ba, mai shayi ya ce asarar man inji ce kawai. Kafin a kai rabi benci ya koma na masu gyangyaɗi.

Sha'ibu direba ya ce haka abin yake a Ƙanƙara, kowa ya watse. Mutum biyu ne kawai ba su fasa zuwa ba, ke da Zailani, akawun ɗan kwangilar nan mai sabon agogo. Ya ce a gefenki yake zama, a gurbina, yana yaba sabon Barden kina dariya. Zailani fa! Wanda a da in mun wuce yake cewa za mu kallon wasan yara. Yaushe ya zama masani? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ina kishi, sanyin idona, ba zan ɓoye miki ba. Kishi yana cina kamar gara a rumbu, waje lafiya lau, ciki gari. Jiya na je Damari duba auduga, manomi yana yi mini bayanin tsutsa, ni kuwa bencin nan nake gani. Shin an canja ni ne yadda aka canja Barde, tsoho ya fita, mai sheƙi ya shigo, ba ko sallama?

Ki dube ni da rahama ki amsa mini abu ɗaya: shirin yana da kyau? In kika ce ya lalace, kamar yadda Faskari da Ƙanƙara suka shaida, to me yake kai ki can duk Asabar? Ba na son jin amsar wannan.

Don Allah ki ce yana burge ki. Ki ce motar ta fi dokin, ki ce sumar ta yi masa kyau. Zan yarda, zan zo in zauna in kalle shi har ƙarshe, in tafa ma in kin so. Gara a ce idonki ne ya lalace, wannan zan iya zama da shi har tsufa.

Naki, wanda ba zai canja ba ko duniya ta canja komai,
Gide