Gumin Bangon Dam

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan lafiya lau muke. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Waya ɗaya ce a gidan nan, a aljihun Baba take kwana, maganar kuwa ba ta faɗuwa a gabansa. Shi ya sa na ba direban da ke kai miki saƙon Mama.

Na san kin ji cece-kucen da ake yi a kan dam. Injiniyoyi sun ce bangon ya tsufa, a zuƙe ruwan duka a gyara shi, ko da zai ɗauki shekaru. Su Baba, masu jiragen ruwa na shaƙatawa, sun ce bango lafiyarsa ƙalau, sana'arsu ake so a kashe. Mutanen unguwar ƙasa, da gidajensu ke bayan bangon, sun rabu biyu: masu tsoron ruwa, da masu sayar wa 'yan yawon ƙarshen mako abin taɓawa.

Makarantarmu ta shirya muhawara a kai. Ƙa'idarmu ita ce ba kai ke zaɓar ɓangare ba. Malama ke naɗe takardu ta zuba a kwalin alli, abin da ka ɗauka shi za ka kare. Ni "a zuƙe" na ɗauka. Na bi ta har ofis ina roƙon ta canza mini, ta ce ai amfanin muhawara ke nan, mutum ya iya kare abin da ba nasa ba. Kunya ta hana ni faɗa a gida. Mama dai ta ji cewa zan yi magana a kan dam, ta gaya wa Baba, shi kuma don murna ya bar aiki ya taho da abokan sana'arsa, har da Kyaftin, shugaban ƙungiyarsu. A bencin baya suka zauna. Ban gan su ba, domin Malama ta ce kada in ɗauke idona daga teburin alƙalai, don kada muryata ta yi rawa.

Komai na tafiya daidai, sai wata 'yar ajin gaba da muke kira Lauya ta tashi ta ce wa ya taɓa ganin bangon nan yana yoyo da idonsa, ai takardar injiniya ce kawai. Ta ƙara da cewa abin kunya ne 'yar mai jirgi ta ci daga ruwa ta juyo tana zagin ruwa. Aka kwashe da dariya. Yaya, ji na yi kunnuwana sun ɗau zafi. Kafin in ankara na ce, "Ni na gani da idona. Mahaifina ne ya nuna mini."

Kin tuna kwalbar Baba? Yadda kowace safiyar Asabar yake sauka gindin bango ta baya, inda ruwa ke tsatsowa, ya tara kwalba ya ɗaga ta a rana? In ta fito garau ya ce bango gumi yake yi, ba komai. In ta yi ja ya ce bango cin kansa yake. Duk na zayyana musu. Na kuma ce tun daminar bara kwalbar ba ta sake fitowa garau ba.

Aka yi ta tafi, ɓangarenmu ya ci. Sai a lokacin na ɗaga kai. Na hango Baba a tsaye, hularsa a hannu. Kyaftin ba ni yake kallo ba, Baba yake kallo.

Tun ranar Baba bai ce mini komai ba, ko faɗa bai yi ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ki gaishe mini da yara. Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki, sun ce yaushe za ki zo ki ƙarasa musu labarin da kika bari a tsakiya.

Ke yanzu ke ce kika tsaya gaban jama'a har aka yi miki tafi? Ke da in aka aike ki aron ashana sai ki tsaya a ƙofar maƙwabta har sai an lura da ke? Sai da na karanta wa maigidana wurin, ya ce lallai shiru-shiru ba tsoro ba ne. Na yi dariya, amma da na kai kan maganar kwalba dariyar ta tsaya.

Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Sai dai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Su Baba ba su san yadda kuke muhawara ba, sun ɗauka ra'ayinki kika je faɗa. Ki samu Mama ki bayyana mata batun ƙuri'ar nan ta kwalin alli, ita ta san lokacin da ake shigar wa Baba da magana. In suka gane ba ke kika zaɓa ba, zuciyarsu za ta sauka. Kuma ki daina laɓe-laɓe, na san yanzu haka a bayan ƙofar kicin kike cin abinci. Ki ci gaba da gaishe shi safe da yamma, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Ki gaida Mama. Ki ce mata maganin ƙafarta na nan tafe.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, na gode, Allah ya bar zumunci. Mama ta ce a gaishe ki, maganin ya iso.

Na yi yadda kika ce. Mama ta faɗa wa Baba batun ƙuri'a, ya ce to. Ta kuma faɗa wa matar Kyaftin, don magana ta isa inda ake so. Ta isa kuwa, amma ba yadda muka zata ba.

Bari in fara da abin da ya fi damuna. Kin san a bakin ruwa layi ake bi, in 'yan yawo suka zo Kyaftin ke kiran jirgin da ke gaba. To tun ranar muhawara, in aka zo kan Baba sai Kyaftin ya yi ɗan tari ya kira na bayansa. Ba wanda ya ce masa an cire shi. Haka yake wuni a zaune yana goge Agwagwa, jirginsa mai feda, wadda ba wanda ya hau balle ta yi datti. Bai faɗa a gida ba. Wata mai sayar da lemo ce ta gaya wa Mama. Ashe ƙungiya ta daɗe da yin shawara kada kowa ya yi zancen tsatsowar nan a waje, ga shi injiniyoyi sun ji cewa har mai jirgi ya shaida.

Rigunan ruwan nan masu ruwan lemo, na hana fasinja nutsewa, da nake wankewa kullum da yamma in shanya, yanzu kafin in dawo makaranta ya wanke su da kansa. In na shigo na gan su a igiya sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekaranjiya Kyaftin ya zo gida. Ya zauna a falo yana fara'a, ya sa aka kira ni. Ya ce ashe wasan makaranta ne, su da suka ɗauka da gaske nake, har ya ce da ya sani da shi ma ya yi tafi. A fahimtarsu, tunda ƙuri'a ce ta ba ni ɓangaren, to duk abin da na faɗa shiri ne, kamar wasan kwaikwayo. Ya ce za a yi babban taro a ɗakin taron gari, hukuma za ta saurari kowa kafin a yanke hukunci.

"Magana ɗaya ce, 'yata," in ji shi. "Ki tashi ki ce zancen kwalba ƙirƙira kika yi don ki ci gasa. Washegari babanki ya koma layinsa."

Na dubi Baba. Kansa na ƙasa, yana juya makullin jirgi a hannu. Na ce zan yi tunani. Kyaftin ya yi dariya ya ce 'yan boko ko ruwa za su sha sai sun yi tunani.

Yaya, ɓangaren ƙuri'a ce ta ba ni, gaskiya ne. Amma kwalbar ba ƙuri'a ce ta ba ni ba, ni nake riƙe masa murfinta. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: lokacin da ake tafin nan, kafin in ɗaga kai, daɗi na ji. Ba don mutanen unguwar ƙasa na faɗi maganar ba, don in rufe bakin Lauya na faɗa. Na sayar da sirrin Baba don a daina yi mini dariya. Yanzu kuma in zan gyara sai na yi ƙarya. Na rasa wanne ya fi muni.

Ki yi mini addu'a. Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na kuma karantawa, yau kam ban yi dariya ba.

Zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Ba bakin 'yar makaranta ne zai zuƙe dam ko ya hana a zuƙe ba. Injiniyoyi na da takardunsu da na'urorinsu, in bangon na da ciwo za su gano ba sai da ke ba. Abin da ke hannunki shi ne layin Baba, kuma daga layin nan ake ɗora tukunya a gidanmu. Mutum mai shekarunsa ya wuni yana goge Agwagwa yaran da ya koya wa tuƙi suna wuce shi? Ni dai na kasa barci a kan wannan.

Ki je ki faɗi maganar nan ɗaya. Ki sunkuyar da kai ki faɗa ki zauna. In laifi ne, mu raba, ni na sa ki. Allah ya san zuciyarki.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na ji maganarki, kuma na aika wa Kyaftin cewa na yarda. Na rubuta jimlar a bayan littafin lissafi, na yi ta maimaitawa a gaban madubi har ta zauna.

Jiya Asabar da sassafe Baba ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce in ɗauko kwalba. Wannan ce magana ta farko da ya yi mini tun ranar muhawara. Muka sauka gindin bango, yana gaba ina biye. Daga can ana hango unguwar ƙasa sosai. Wata mata na sharar ƙofar gida, wani tsoho na fito da kujerarsa rana, an shanya kayan makarantar yara a kan katanga. Ban taɓa lura cewa rufin gidajensu bai kai rabin tsayin bangon ba.

Ya tara kwalbar ya ɗaga. Ruwan kamar shayin da aka zuba wa madara. Ya ajiye ta a kan dutse har laka ta kwanta a gindinta.

Sai ya ce, "To, faɗi abin da za ki faɗa musu in ji."

Na dubi ƙafafuna na ce ƙuri'a ce ta ba ni ɓangaren, zancen kwalba kuma ƙirƙira na yi don in ci gasa. Ya ce in sake. Na sake, wannan karon muryata ko rawa ba ta yi ba, kwalbar kuwa tana tsakaninmu a kan dutse. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce lallai Malamata ta iya koyarwa.

Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kullum in ya gama dubawa zubar da ruwan yake yi, amma jiya ya rufe kwalbar ya sa a aljihu, ya hau sama bai jira ni ba. Ban san me hakan ke nufi ba. Ina jin ya raina ni ne, da farko na tona shi, yanzu kuma ya ga ƙarya ba ta yi mini wuya.

Gobe ne taron. Zan faɗa, Yaya, kamar yadda na yi alkawari.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga babbar 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mijinki da jikokina. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannu ya saba da igiya.

An yi taro. Ƙanwarki ba ta je ba, ni na ce wa mamanku ta tsare ta a gida. Na je da kwalba na ajiye musu a kan tebur. Ban iya magana kamar ita ba, amma suna da ido. Ba a yanke hukunci ba tukuna. Kyaftin ya daina tari, yanzu kai tsaye yake tsallake ni. Kada wannan ya dame ki.

Abin da ya sa na rubuto, in na shigo gida sai ta shige kicin. Ta ɗauka fushi nake da ita. Ni ne ban san da wane ido zan dube ta ba, na tsaya ina ji 'yata tana koyon ƙarya saboda ni. Bakina ba zai iya faɗa mata ba. Ke da kuke rubutu ki faɗa mata.

Ki kuma ce mata rigunan ruwa sun taru. Ni in na wanke ba sa fita.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinku