Ka Tsaya ta Damansa

Fasto,

Tunda haka kowa ke kiranka yanzu, bari ni ma in bi sahu.

Fitarka addu'ar safe ke da wuya matar kafinta ta buga ƙofa, idonta jawur. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, Fasto yana nan?" Na ce ga ni. Sai ta leƙa bayana! Matar da ni na yi mata baftisma, ni na ɗaura musu aure kana rarrafe. Shekara talatin ina wa'azi a cocin nan, yau na koma mai gadin ƙofarka.

An kwantar da mijinta a asibiti, ɗakin maza, gado na huɗu. Jikin ya yi tsanani, kai yake nema. Na ce ko in je, ta ce kar in wahalar da gwiwata.

Na tafi aski. Kana dawowa ka wuce asibitin, karyawa ta jira. In za ka yi masa addu'a ka tsaya ta damansa, kunnen hagun ya daɗe da mutuwa. Wannan ba a makarantar tauhidi ake koya ba.

In ya tambaye ni, ka ce ina gaishe shi. In bai tambaya ba, kar ka faɗa mini.

Babanka