Na Ce wa Ɗana Yallaɓai

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya kunnen? Ina fata aikin rufin ɗakin yana tafiya, kuma ba kai kake hawa sama da kanka ba. Ka gaishe mini da Yayarsu da maigidanta da yaran. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na rubuto maka ne saboda in na kira ka a waya sai na ɗaga murya maƙwabta sun gama ji, kai kuma kana ta cewa in maimaita. Maganar kuwa ba ta maƙwabta ba ce. Ka yi haƙuri da rubutun, ka karanta da kanka, kada ka ba Yayarsu.

Ka san an dawo da Tsito gida an ba shi hedimasta. Abin da ban gaya maka ba, makarantar da aka ba shi ita ce wadda muke karatun manya a cikinta da yamma, bayan yara sun tashi. Ka tuna na zaɓi mai nisan ne don kada 'yan unguwa su gan ni da jakar littattafai. Saboda haka babu wadda ta san gidanmu a ajin.

Ranar da ya fara zagaya azuzuwa, Malamarmu ta ce in sabon shugaba ya shigo duk mu miƙe mu ce barka da zuwa, ranka ya daɗe. Ya shigo, masinja na biye da shi. Kowa ta miƙe, har mai ciwon gwiwa. Ni kaɗai zan zauna? Na miƙe. Malama ta nuna ni ta ce ga wadda ta fi kowa karatu. Ya nuna allo ya ce ko zan karanta masa. Bakina ya buɗe zai ce Tsito, sai na ga rigarsa, na ga masinja rungume da jakarsa, na ga mata duk sun sunkuyar da kai. Yaya zan ce wa mutum Tsito alhali kansa na neman taɓa saman ƙofa? Sai na ji kaina na ce, "To, Yallaɓai." Na karanta ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ya kalle ni ya ce, "Madalla, Hajiya." Ya fita.

Na ɗauka maganar makaranta ce, a makaranta za ta kwana. Washegari da safe ya biyo gaishe ni kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Malam, sai da na waiwaya in ga wace baƙuwa ce a bayana. Bai shiga madafa ya buɗe tukunya kamar yadda ya saba ba. Bai zauna a tabarma ba, kujerarka ya ja. Na zuba masa shayi ya karɓa da hannu biyu har da godiya. Yaushe Tsito ya fara gode wa shayi?

Yau kwanaki ke nan haka. Ni ban je hajji ba, kai ka sani, shi ma ya sani. Na san ana ce wa mata Hajiya don girmamawa, ni ma ina ce wa uwar mai shago. To amma uwar mai shago ba ita ta goya ni ba. Yaron da tun yana rarrafe Inna ce a bakinsa. Ko haka manyan ma'aikata suke yi da iyayensu ni ce ban sani ba? Kai ka fi ni shiga mutane, ka gaya mini.

Ka riƙa shan maganinka. Ina gaishe ka ƙwarai.

Ni ce taka,
Innar Tsito


Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya baƙunta? Na ji an ce ƙaramin Yayarsu ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Takardarka ta iso. Ka ce girma ne ya zo masa, in bar shi, kuma wai mata nawa ke neman a ce musu Hajiya ba su samu ba. Na ji. Amma ba kai kake zaune a gidan ba.

Na gwada dabara. Na ce bari in mayar masa, ko ya yi dariya abin ya wuce. Da ya ce Hajiya an tashi lafiya, na ce lafiya lau Yallaɓai, yaya iyali. Bai yi dariya ba. Ya ɗan rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe." Tun daga nan kullum sai abin ya ƙaru. Ni ina Yallaɓai, shi yana ranki ya daɗe, muna gaisawa kamar masu neman aiki a wurin juna. Jiya har sallama ya yi ya jira a ba shi izini, a gidan da aka haife shi.

Matarsa ta ji mijinta na cewa Hajiya, ita ma ta kama. 'Yar jikarka kuwa ta ce wa ubanta Yallaɓai ya saya mata alewa. Mafi muni, matar mai gyaran rediyo ta jiyo shi ta katanga, sai ga ta da mata uku sun zo yi mini murna, wai ɗana ya biya mini kujera. Na ce babu wannan magana. Ta ce, "Ɓoye mana dai, in kin dawo ma ji." Har saƙon abin da zan sayo mata ta ba ni.

Na tambayi 'yan ajinmu a fakaice, ban ce ni ba ce. Mai ɗinki ta ce ita 'ya'yanta Hajiya suke ce mata kuma daɗi take ji, wanda ya ce mata Inna ma ba za ta amsa ba, sai ka ce wata tsohuwar ƙauye. Mai ciwon gwiwa ta ce ita surukarta Momi take ce mata, kuma duk ranar da ta ji kalmar sai gwiwar ta motsa. Wata ta ce ɗanta in ya ce mata ranki ya daɗe to ta san wani abu zai roƙa. Na fito ajin na fi shigarsa ruɗewa. Ashe kowa da yadda abin yake sauka a kunnenta.

A makaranta in mun haɗu a baranda sai ya ɗan tsaya ya ce barka da yamma Hajiya, ya wuce, daidai yadda yake ce wa kowace. Na zauna na yi ta juya abin, ga inda tunanina ya tsaya. Malam, ina jin kunyata yake ji. Shugaban makaranta guda, ga malamai a ƙarƙashinsa, a ce uwarsa tana kan bencin 'yan aji biyu tana haɗa baƙi. Hajiyar nan katanga ce ya gina don kada a gane. In kuwa haka ne ban ga laifinsa sosai ba. Sai dai me ya sa ya kawo katangar har gida?

Ga abin da na yanke. Zan ƙarasa makon nan in daina zuwa. Malama ta ce jarrabawa ta kusa, kuma tana sa ran ni zan ɗauki ta ɗaya, amma me zan yi da ta ɗaya in babu mai ce mini Inna? Yayarsu tana nesa, kuma ita tun da ta haihu Kaka take ce mini a bakin 'ya'yanta. Shi kaɗai ya rage. Karatun da na samu ya ishe ni rubuto maka.

Kada ka kira shi ka yi masa faɗa. In ka yi, zai dawo da Innar don kai ka ce, ni kuma ba irin wannan nake so ba.

Ka gaida kowa da kowa.

Taka,
Innar Tsito, ko Hajiya, ni ma ban sani ba


Zuwa ga Malam,

Ina gaishe ka gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da mutanen gidan kuna lafiya, mai zazzaɓi kuma ya warware. Ka zauna kafin ka karanta wannan, don na yi abin da ban san ko gyara ba ne ko ɓarna.

Ranar da na sa za ta zama ta ƙarshe, na je da niyyar in an tashi in yi wa Malama sallama. Muna cikin darasi fankar ajin ta fara ƙara kamar za ta faɗo. Sai ga shi ya shigo da baƙi biyu masu duba makarantu, da mataimakinsa, da masinja. Muka miƙe muka yi ranka ya daɗe. Ya ɗaga kai ya dubi fankar, ya sa aka kashe, ya tuɓe takalmi ya taka teburin Malama zai duba da kansa. Teburin nan ƙafarsa ɗaya gajera ce, da dutse muke tokare ta, ranar kuma masu shara sun ɗauke dutsen. Na ga teburin ya karkata. Ka san tun faɗowar da ya yi daga katanga yana yaro ba na iya ganin ƙafarsa a sama.

Ban san lokacin da na ce ba. "Kai Tsito, sauko mini daga nan kafin ka karya wuyanka." Da muryar gida na faɗa, wadda ake ji har bakin titi.

Shi ma bai tsaya tunani ba. Ya ce, "To, Inna," ya sauko, ya tsaya babu takalmi kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

Malama ta dube ni ta dube shi. Mai ciwon gwiwa ce ta fara magana, ta ce, "Wannan ƙaton ne Tsito?" Sai dariya ta ɓarke, har baƙin. Ni dai na nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya sa takalminsa, ya juya wurin baƙin ya ce wannan mahaifiyata ce, ita ce ta ɗaya a ajin nan. Da bakinsa ya faɗa, kansa a ɗage.

Da aka tashi ya ce in jira shi, muka taho tare yana riƙe da jakata. Muna shiga gida ya wuce madafa ya buɗe tukunya, ya ce abin da na dafa ke nan? Ya zauna a tabarma ya ci. Na ce masa na ɗauka kunyata kake ji. Ya ajiye cokali ya ce shi ne ya ɗauka ni nake ɓoye shi. Wai na zaɓi makaranta mai nisa don kada a san ni, ranar kuma na ce masa Yallaɓai a gaban mutane, sai ya fahimci ba na son a san ɗana ne, ya bi ni a haka. Na ce to a gida fa? Ya ce a gida jira yake in ce Tsito ya ce Inna, sai na ƙara masa da wani Yallaɓan. Ya ce, "Inna, ke kika fara." Na ce kai ka ƙara da ranki ya daɗe. Muka yi ta musu har shayi ya huce, kuma bai gode mini ba da na zuba masa.

Ban bar karatun ba, jarrabawa mako mai zuwa. Amma ga sabon abin da ya dame ni. Masinja ya gaya mini yanzu yaran makarantar in sun hango shi sai su ce ga Yallaɓai Tsito nan. Na ce wa Tsito na zubar maka da girma. Ya ce girman da kalma ɗaya za ta zubar dama bai cika kwano ba. Ban sani ba ko don ya kwantar mini da hankali ya faɗa. Kuma har yanzu ban san me zan ce masa a aji ba. Jiya da ya shigo na miƙe tare da kowa, ina motsa baki kawai. Ya gane, ya kau da kai yana danne dariya.

Matar mai gyaran rediyo ta ji ya koma ce mini Inna, ta zo yi mini jaje wai an fasa kujerar. Na karɓi jajen, ya fi sauƙi.

Wani abu kuma, tunda abin ya sa ni tunani. Tun da aka kawo ni gidanka Malam nake ce maka, kai kuwa kafinta ne, ko ɗalibi ɗaya ba ka da shi. Bai taɓa yi maka wani iri ba? Ba cewa na yi zan canja ba, bakina ba zai iya ba. Tambaya ce kawai. In ya taɓa, ka faɗa mini da baki in ka dawo, kada mu tsaya jiran wanda zai fara.

Ka sauko daga rufin nan haka, ka bar wa yara. Ina gaishe ka, Tsito ma yana gaishe ka.

Ni ce taka,
Innar Tsito