Direban Hoto da Maɓallin Rigar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Kwamfutar nan ta sake mutuwa. Ina tsakiyar haɗa bidiyo hoton ya ƙame, fanka ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, sai allo ya koma shuɗi da wani rubutu da ba ya yi wa kowa amfani. Aikin safiya duk ya bi ruwa. Tir.

Bidiyon na wata likitar motsa jiki ne, tana so ta riƙa nuna wa masu shanyewar ɓarin jiki yadda za su yi atisaye a gida. Ranar sha huɗu za ta haska wa manyan asibitinsu, in ya yi musu, ni za su riƙa ba wa aikin. Yaya ne ya haɗa mu, don ita ke duba Baba. Bai ce mini Baban zan ɗauka ba sai da na kafa kyamara a falonsa. Mutumin da ya sa ƙafa ya bar mu ina ƙaramar firamare, sai da ciwo ya kayar da shi ya gane hanyar gidan ɗansa. Na dai ɗauka. Aiki aiki ne.

Talata, 4 ga Maris

Yau ma. Har na daina lissafi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai ta wurin mai gyara. Shago a ƙarƙashin matakalar bene, warin dalma da gumi, gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Malama, zafi take ɗauka." Ya kwance ta, ya hura, ya shafa mata wani farin mai, duk yana taunar gyaɗa a kanta. Ya miƙo mini ita da shatin yatsunsa na maiƙo a allo.

Ina dawowa gida ta mutu. Na kira shi, wai to sai dai a wanke ta gaba ɗaya, a goge duk abin da ke cikinta. Ya fara wanke hannunsa tukuna.

Asabar, 8 ga Maris

Na lura a wuri ɗaya take faɗuwa kullum: inda Baba ke ƙoƙarin sa maɓallin riga da hannun da ya shanye. A nan hoton ya yi rawa, hannuna ne bai tsaya ba lokacin ɗauka, ban san dalili ba, shi ya sa na ɗora masa abin da ke daidaita girgiza. Na tono inda kwamfutar ke ajiye bayanin mutuwarta, suna ɗaya ke ta maimaituwa: direban katin hoto. Wata 'yar manhaja ce da ke tuƙa katin. Ashe sabon direban da kamfanin ya turo kwanaki ne ba ya jure nauyi. Wato mota lafiyarta ƙalau, direba ne ke kifar da ita.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk gwaji sai na sake kallon wurin. Yatsu na lalube, maɓalli na zillewa, yawu na taruwa a gefen baki. Allah ya yafe mini, ƙyama nake ji. Ban san ko ta yawun ba ce, ko ta mai shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Na mayar da tsohon direba. Ta wuce wurin sumul! Har rawa na taka a kicin.

Talata, 11 ga Maris

Murna ta koma ciki. Na tashi ɗora ruwan shayi, kafin in dawo shegiyar ta shiga intanet ta ɗauko sabon direban da kanta, ba sallama ba neman izini. Wai sabuntawa. Su waye ma suke zama su turo wa mutane abin da ba su gwada ba?

Yaya ya kira ina cikin masifa. Ya ce, "Ke Auta, kin cika naci. Ki yanke wurin mana, ki huta." Na ce likita na buƙatarsa. Ba ta taɓa cewa haka ba.

Da na sake buɗe bidiyon na manta ban kashe sauti ba, da ma a kashe nake aikin wurin. Sai na ji Baba yana magana ƙasa-ƙasa, harshen a karye. Na ƙara murya, na maimaita. Cewa yake: "Kar ki ɗauki wannan. Bari in iya tukuna."

Ranar ɗaukar ban ji ba. Ina can ina duba haske.

Sai allon ya yi shuɗi. Na bar shi a haka, ban taɓa shi ba har shayin ya huce.

Laraba, 12 ga Maris

Na kashe intanet, na tayar da ita a yanayin da ba ta loda komai sai na dole, na share direban har saiwarsa, na sa tsohon, na toshe ƙofar sabuntawa. Bidiyo ya fita cif, fanka ko tari ba ta yi ba.

Na kira Yaya na ce ya tambayi Baba ko ya yarda a bar wurin maɓallin. Yaya ya ce, "Ke ba ki da baki ne?" Na ce shi dai ya tambaya. Can ya dawo, wai Baba ya ce a bari, in zai amfani wani.

Juma'a, 14 ga Maris

Sun karɓa. Likita ta ce wurin maɓallin ne ya sa ɗakin ya yi tsit. Ban tsaya shan lemonsu ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na biya gidan Yaya in nuna musu, tunda hanya ce. Matar Yaya ta kalle ni ta kalli agogo. Baba ya kalli bidiyon har ƙarshe, sannan ya tambayi me ya sa ya daɗe. Ban san yadda aka yi ba na kama yi masa bayanin direba, tsoho da sabo, da mai gyara da gyaɗarsa. Ko kalma ɗaya na san bai gane ba. Yana ta gyaɗa kai, a wurin gyaɗar ya yi dariya da rabin baki. Faratansa sun yi tsawo ba kyan gani, mutanen gidan nan ba sa lura da komai. Na yanke masa, don ba zan iya kallo ba ne kawai.

Da zan tafi ya ce yanzu yana koyon riƙe biro.

Likita ba ta ce tana son kashi na biyu ba. Na dai sa batirin kyamara a caji.