Na Kira Shi Sumau a Gaban Majinyata

Anti Batulu, don Allah ki agaza mini, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina.

Watan jiya muka kama hanya da abokaina daga Birnin Kebbi zuwa ɗaurin aure a Illo, da niyyar mu leƙa ƙasar Benin kafin mu dawo. Da muka iso Bagudo na ce a tsaya in gaida Sufyan, wanda muka zauna ɗaki ɗaya a jami'a. Ni na gama tuni, shi kuwa karatun likita ba ya ƙarewa, an turo shi wani asibiti yana koyon aiki a hannun manya. Tun muna jami'a, ranar da aka fara shiga da su ɗakin gawa ya yanke jiki ya faɗi, tun daga nan muke ce mishi Sumau. Shi kanshi dariya yake yi.

Na hango shi a baranda cikin farar riga, tsugune gaban wani dattijo Bafulatani, sai murna ta kwashe ni. Na ƙwala mishi Sumau, na kuma zazzage wa abokaina labarin kaf, har da ruwan da aka yayyafa mishi. Anti, ashe dattijon yana jin Hausa sarai! Ashe matarshi ce kwance da ƙari a ciki, Sufyan ya daɗe yana lallashinshi da Fulatanci ya yarda a yi mata aiki, ranar ce dattijon ya fara saukowa. Kafin mu kai Illo ya ɗauke matar ya koma ruga, wai ba ya ba mai suma iyalinshi.

Saƙo ɗaya Sufyan ya turo ya gaya mini haka, ko zagi babu, da ma ya zage ni. Tun daga nan ba ya ɗaukar wayata. Wasa ne fa na shekara da shekaru! Kunya ta ishe ni wallahi. In je in ba shi haƙuri, ko in bari ya huce?

Mai Dogon Baki, Birnin Kebbi

Ɗana Mai Dogon Baki,

Ba da mugunta ka yi ba, na yarda. Dattijon ma dama a tsorace yake, ƙiris yake jira. Amma wasan ɗakin kwana ba na wurin aiki ba ne. A can Sufyan ba shi da jari sai yardar mutane, ita ka zubar mishi, don haka kada ka ɗauki shirunshi girman kai.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: duk tambayarka a kan Sufyan take, ba ka tambayi matar ba.

Ajiye waya, ka taka zuwa Bagudo. Ba shi haƙuri a taƙaice, sannan ka tambaye shi ko manyanshi za su yarda ku nemi Arɗon rugar ya yi muku jagora. In an yarda, ka durƙusa gaban dattijon ka faɗa da bakinka cewa zancen ƙuruciya ne ka tono, kuma babban likita ne zai riƙe wuƙa. In Sufyan ya ce zuwanka zai ƙara ɓata lamarin, samo musu mota su je rugar, kai ka tsaya a baya.

Kada ka bari mako ya juyo. Fushin aboki yana iya jiran shekara, ciwon matar nan ba zai jira ba. Allah Ya ba ta lafiya, Ya daidaita tsakaninku.

Anti Batulu