Katakai Takwas Marasa Fenti

Yaya Ehrenfried,

Gaisuwa mai yawa. Ya Sonneberg, ya sassaƙa, ya Anti Dorle? Ni kam hankalina ba kwance yake ba. Dattawan ƙauye za su zo bayan bikin girbi su ga abin da nake koya wa yara. In bai gamshe su ba, sun ƙwace ɗakin karatun. Kuno maƙeri ne kan gaba, wai 'yarsa Rike wasa kawai take zuwa yi. Wasan ne karatun, amma wa zai saurare ni? Yanko min katakai ƙanana, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, takwas a akwati, akwati goma sha biyu. Kada ka shafa fenti.

Ƙanwarka,
Ottilie

Tili,

Muna lafiya. Ga dawaki da sojoji na katako nan, har da jan fenti. Shekara talatin ina sassaƙa, ki ce in yanka miki itacen girki? Nuna wa dattawan abin kirki.

Yayanki

Yaya,

Na gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Dokinka doki ne da safe, doki ne da yamma. Yaran sun yi dambe a kansa, kafin azahar sun watsar. Katako mara fuska yau gada ne, gobe coci, jibi lissafi. Saura kwana shida, ko zama na kasa yi. Don Allah.

Ottilie

Tili,

Ga itacenki. Dorle ta yi dariya har da hawaye. Kada ki faɗa wa kowa ni na yi.

Ehrenfried

Yayana,

Gaisuwa da godiya. Dattawan sun zo su huɗu. Kuno ya tsaya kan Rike ya ce, "To, malama, me aka koya?" Rike ta haɗa katakanta takwas ta ce, "Burodi ne." Ta raba musu bibbiyu. Sai ta kwashe na ubanta, za ta ƙara wa sauran ukun ɗaiɗai... ta ga biyu ba za su kai ba, ta ƙara tunani, ta ba ni ɗaya, ta ɗauki ɗaya. Ta ce, "Baba ya ce wasa ne, ai ba ya jin yunwa."

Kuno ya zauna a ƙasa, da kayan cocinsa, yana ta harhaɗa katakan. Sai da na tuna masa yamma ta yi.

Ba su yanke magana ba, wai sai Lahadi. Amma da Kuno ya tafi na ƙirga akwatuna, sha ɗaya ne. Aiko min ɗaya.

Taka,
Tili